Daga Akoka zuwa Nima a kan keke: daren farko

Ina rubuta wannan ne daga Badagry, a barandar wani masallaci, ƙafafuna biyu cikin bokitin ruwa. Waɗanda suka yi ta kirana tun safe ban ɗauka ba, ku yi haƙuri, hannuna na kan burki. E, da gaske ne, na tafi. Gobe in Allah Ya kai mu zan tsallaka iyakar Seme in shiga Jamhuriyar Benin, daga nan Togo, sai Ghana. Sama da kilomita 450, ni da kekena.

Na san a hostel an daɗe ana min dariya. Har suna aka sa min, wai "Alhajin Ghana". Ban ga laifinku ba. Ni ma da wani ne ya ce zai yi, da na ce a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Abin ya samo asali ne daga labarin Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya hau keke a 2023 ya nufi Azhar neman ilimi. Wata huɗu yana hanya, ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, har Chadi, inda mutane suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Da na karanta sai na dubi kaina. Shekara uku ina Legas, amma abin da na sani bai wuce aji, masallaci, da tashar motar Kano ba. Iyakar wata ƙasa na nan kusa da ni, ta fi gida kusa nesa ba kusa ba, ban taɓa tunanin leƙa ta ba.

Shirin ya ci min semesta biyu. Kuɗin da nake samu a koyar da yara lissafi ranar Asabar da Lahadi na riƙa tarawa, har na sayi keke na hannu mai giya. Wani dattijo Bakano mai gyaran keke a Agege ya canza min taya biyu, sarƙa da robar burki, ya ɗaura kariya a baya. Da na gaya masa inda za ni sai ya ajiye sifana ya ce, "Yaro, ka iya faci?" Na ce a'a. Ya ce, "To ba inda za ka." Nan take ya huda tayar da kansa ya miƙo min sholisho da roba. Sai da na yi faci biyar a gabansa kafin ya sallame ni, kuma bai karɓi ko sisi a kan wannan ba.

Motsa jiki kuwa, bayan Asuba nake zagaya makaranta kafin lakcar ƙarfe takwas. Satin farko ko matakalar bene ba na iya hawa. A hankali na kai kilomita 70 a rana ɗaya da kaya a baya. Ga wanda ke sha'awa, takardu ba su da yawa: fasfo, da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90. Na canza kuɗi kaɗan zuwa sefa saboda Benin da Togo, sidi kuma sai na isa Aflao. Kayana: famfo, tif biyu, hular kwano, fitila, gidan sauro, dadduma, kaya kala biyu, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci shi ne Umma.

Ku da kuke karatu a Kudu kun san yadda abin yake. Tun ranar da aka fara jarrabawa uwa take ƙirga kwana. An ajiye maka kaza, an hana ƙanne taɓa yajin da aka daka dominka. Ta yaya zan ce mata wannan hutun ba zan zo da wuri ba, kuma dalilin shi ne keke? Wani abokina ya ce kawai in ce mata aikin makaranta ya riƙe ni, in na dawo na ba ta labari. Wallahi na kusa yin haka. Har na shirya ƙaryar. Amma na tuna hanyar da zan bi, tirela ce da tanka, na ce in wani abu ya same ni, maganata ta ƙarshe da mahaifiyata ta zama ƙarya? Na yi wa kaina alkawari: in ta ce a'a, zan sayar da keken in hau mota zuwa gida, a yi min dariyar da za a yi.

Na kira ta bayan Isha. Sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta faɗin sunana, "Babana" take cewa. Na yi ta kewaye-kewaye har ta ce, "Babana, faɗi abin da ke bakinka." Na faɗa. Shiru. Na duba waya ko katin ne ya ƙare. Can ta ce, "Mota ta ƙare ne a duniya?" Ta kashe.

Kwana uku ba ta kira ba, in na kira gaisuwa kawai. Rana ta huɗu sai ga kiranta da sassafe. Ta ce, "Ghanar da za ka, za ka bi ta Nima?" Na ce Accra zan tsaya, Nima kuwa unguwa ce a cikinta. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji cikakke ba. Kakana, mai sunana, fataucin goro ya kai shi can yana saurayi, shi da ƙaninsa. A 1969 gwamnatin Busia ta umarci baƙi marasa takarda su fice daga ƙasar. Kakana ya dawo, ƙanin ya zauna saboda ya riga ya yi aure a can. Wasiƙa ta yi ta zuwa har ta daina. Tsofaffin duk sun rasu. Abin da ya rage a hannun Umma shi ne sunan mutumin, laƙabinsa, da cewa gidansa na kusa da wani masallaci.

Ta ce, "In yawo za ka, ban yarda ba. In zumunci za ka, Allah Ya tsare. Ka nemo min 'ya'yan Baffa." Ta kafa sharuɗɗa uku: ba tafiyar dare, kira kullum bayan Magariba, kuma kada Sallah ta wuce ni. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

Yau bayan Asuba mutum shida suka rako ni bakin get, har da masu dariyar. Ɗaya ya cusa min kuɗi a aljihu ya ce na ruwa ne. Daga Mile 2 na gane karatun ya bambanta da zagayen makaranta: danfo na matse ka, hayaƙi na shiga ido. Na tsaya Alaba Rago na sha shayi, mai shayin ya ƙi karɓar kuɗi da ya ji inda za ni. Bayan Agbara taya ta yi faci. Na zauna gefen titi na gyara da hannuna cikin minti 20, ina sa wa dattijon Agege albarka. A shingaye kuma tambaya ɗaya ce: "Ghana? A kan wannan?" Sai a yi dariya a ce in wuce.

Ba zan ɓoye muku ba, ina jin tsoro. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, cinyoyina kamar ba nawa ba, kuma yau kilomita 60 da 'yan kai kawai na yi. Tsarin shi ne Kwatano gobe, sai Grand-Popo, Lome, Sogakope a bakin kogin Volta, Tema, sannan Accra a rana ta bakwai. Mai yiwuwa in isa Nima in tarar ba wanda ya san sunan. Ko da hakan ta faru, zan gaya wa Umma na je na tambaya ƙofa-ƙofa.

Roƙona biyu ne. Duk wanda ke da ɗan uwa a zangon Kwatano, Lome ko Nima, ya min magana ta akwatin saƙo. Sannan ku sa ni a addu'a. Umma ta kira ɗazu, tambayarta ta farko ita ce ko na ci abinci. Bari in je in nema kafin masu shago su rufe.