Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse

Gabatarwa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai yi mamaki in ya ga ɗan ƙasar Anka, wanda tsakaninsa da teku akwai ɗaruruwan mil, ya ɗauki alƙalami zai yi magana a kan duwatsun teku da yadda ake wanke su. To, ina roƙon mai karatu ya bi ni sannu. Tun muna yara muke jin ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma kowa ya san ba dutsen gaske ake nufi ba. Sai ga shi cikin karance-karancena na tarar da waɗansu mutane da suke yin wani aiki wanda su da kansu suke kira dafa dutse, suna kuwa yin sa ne don su rabu da gansakuka. Da na duba dalilinsu sai na ga iliminsu bai yi nisa da na iyayenmu mata ba, kuma akwai darasi a ciki wanda mu mutanen yammacin Zamfara muka riga muka biya kuɗinsa da tsada.

Gansakuka a Gida

Duk wanda ya tashi a Anka ko Gummi ya san gansakuka. In rani ya yi, Gulbin Zamfara ya janye, takan lulluɓe duwatsu da sauran ruwan da ya kwanta a kwazazzabai, yaro ya taka da gudu sai ya ji shi a ƙasa. Tana nan a bakin rijiya, tana nan a gindin famfo, tana nan kuma a jikin randar da aka yi sakaci da ita. Yawancin mutane sun ɗauke ta datti, alhali kuwa halitta ce mai rai, mai kama da tsiro, wadda ba ta bukatar kome sai abu uku, watau ruwa da haske da abinci. Abincin nata kuwa shi ne irin wanda shuka take samu daga taki.

Na sha ganin yadda tsohuwarmu take yi da randa in ta fara kore. Takan kwashe ruwan duka, ta sa soso da toka da ɗan yashi ta dirje ciki da waje, ta ɗauraye har sau uku, sa'an nan ta kife ta a rana yini guda. In ta mayar da ita mazauninta a inuwa, faifai ba ya barin bakinta, kuma ba ta yarda yaro ya tsoma moɗar da ya ajiye a ƙasa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma da rana ta kashe gansakukar, da faifai ta hana ta haske, da tsaftar moɗa ta hana ta abinci. Takan kuma ce tsohuwar randa ta fi sabuwa saurin ɓaci, don ta sha da yawa. Wannan magana tata ta ƙarshe ita ce gindin duk abin da zan faɗa.

Teku a Cikin Akwati

A ƙasashen Turai da Amurka da Asiya akwai masu sha'awar kiwon halittun teku a cikin ɗaki. Sukan sami akwatin gilashi, su cika shi da ruwan da aka narka gishiri kamar giram 35 a kowace lita, daidai da na teku, su riƙe zafinsa a wajen digiri 25, su zuba kifaye masu launi da murjani. Mu dai murjani a wuyan amarya muka san shi, amma na gaske ƙashin wata ƙaramar dabba ce ta teku, kuma danginta ne suke haɗuwa su gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa. Dutsen da ake jerawa a akwatin ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi ne da suka daɗe da mutuwa, fari ne, mai huji-huji kamar soso. Sinadarinsa ɗaya ne da na farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti, wanda shi ma teku ne ya bar shi, tun zamanin da ruwan gishiri ya rufe wannan yanki kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Ashe mu da teku ba baƙin juna ba ne kamar yadda ake zato.

Wannan dutse shi ne rayuwar akwatin, don a cikin hujojinsa ne ƙwayoyin halitta masu amfani suke zaune suna sarrafa kashin kifi kada ya zama guba. Amma kuma shi ne yakan zama tushen wahala. Kullum ana zuba wa kifi abinci, kuma cikin abinci da kashi akwai sinadarin fosfet, wanda manomanmu suka sani a takin supa da kamfa. Farin dutse yana da halin kama fosfet ya riƙe, hujojinsa kuma suna tara ruɓaɓɓen abinci shekara da shekaru. Ran da ya ƙoshi sai ya soma mayarwa cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Daga nan gansakuka mai kama da gashi ta tsiro a kansa, ta bi murjanin ta shaƙe shi. Mai akwati ya sake ruwa, ya kankare, ya tsige, bayan mako biyu ta dawo, don ya kashe maciji bai sare kansa ba. Dabarar faifai kuma ba ta yi masa amfani, saboda shi kansa murjanin da haske yake rayuwa. Tun da ba zai hana ruwa ba, ba zai hana haske ba, abin da ya rage masa shi ne ya hana abinci, abincin kuwa yana cikin dutse.

Yadda Ake Dafa Shi

Nan ne dafa dutse ya shigo. Akan fitar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, a dirje kowanne da buroshi, a jijjiga shi cikin bokitin ruwan gishiri har baƙar laka ta fito daga hujojinsa. Sa'an nan a jera su cikin babbar roba, a cika da sabon ruwan gishiri, a sa ɗan injin da zai riƙa motsa ruwan, a rufe ruf, ko ƙyallin haske kada ya shiga. Cikin duhun nan gansakuka takan mutu, ƙwayoyin nan masu amfani kuwa ba ruwansu da haske, sai su ci gaba da cinye abin da ya ruɓe. Kowane mako a zubar da ruwan, a sake jijjiga duwatsun, a kwashe lakar da ta kwanta, a zuba sabo. Ana yi ana auna fosfet ɗin ruwan da aka zubar, har ranar da awo ya nuna dutsen ya daina amayarwa. Aikin yakan ci wata biyu, wani lokaci ma uku. Romon da mai haƙurin nan yake sha shi ne ruwa garau da murjani mai lafiya.

Sunan dai dafawa, amma ba wuta a ciki. Masana ma sun yi kashedi da kakkausar murya kada a tafasa irin wannan dutse, don akwai wani dangin murjani mai taushi da yake ɗauke da muguwar guba wadda takan bi tururi, kuma ta sha kai mutanen gida guda asibiti. Akwai masu gaggawa da sukan jiƙa dutsen cikin ruwan bilic, ko kuwa cikin asid wanda yake cinye fatarsa ta sama tare da fosfet ɗin da ta riƙe, kuma ba a haɗa biyun nan wuri guda, don hayaƙinsu kisa yake yi. Hanyar tana aiki, sai dai takan kashe mugu da nagari gaba ɗaya, dutsen ya koma matacce, a sake jiran makonni kafin rai ya koma cikinsa. Ko ta ina aka ɓullo, haƙurin nan ba makawa.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Mai karatu ya dawo da hankalinsa gida, ya dubi tafkin bayan garinsu. Shanu sun shekara suna kashi a bakinsa, ruwan wanki yana gangarawa, damina tana wanko taki daga gonaki, duk suna kwantawa cikin laka. Lakar nan ita ce tsohon dutsen tafki. Don haka ne ko an yi sabon ruwa, da rana ta buɗe sai ya koma kore, kuma akwai irin koren da yake kashe dabba in ta sha. Magabata da suke yin gayya su yashe rijiya, ko su kwashe lakar tafki da rani su kai gona, sun san inda cutar take kwana.

Akwai kuma dutsen da ajiyarsa ta fi fosfet muni. A shekarar 2010 aka wayi gari yara suna ta mutuwa a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum. Bincike ya nuna duwatsun zinariya da ake kawowa gida ana daka ana niƙa suna cike da dalma, ƙurarsu ta shige ƙasar tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara kimanin 400 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Fitar da duwatsun daga gida bai wadatar ba, shara ma ba ta wadatar ba, don ƙasa ta riga ta sha. Sai da aka bi gida-gida da fartanya aka kankare ƙasar sama, aka ɗura a buhuna aka kai nesa aka binne, aka shimfiɗa sabuwa. Likitocin ƙungiyar MSF kuwa suka dage sai an tsabtace gari kafin maganinsu ya yi amfani, don yaron da aka warkar in ya koma kan tsohuwar ƙasa gubar za ta dawo. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aikin ya kai gare ta.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga randa da akwatin gilashi da tafki da tsakar gidajen Dareta guda ne. Abin da ido ya gani a sama alama ce kurum, ainihin cutar tana cikin abin da aka daɗe ana ɗura wa wurin ba a kula ba, kuma fitar da ita yana cin lokaci da ƙarfi. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in mun koma garuruwanmu hutu, mu zauna da tsofaffi mu rubuta yadda suke gyaran randa da yasar rijiya da kalmomin da suke amfani da su, tun robobi da tankuna ba su gama shafe su ba. Mu kuma riƙa tunatar da jama'a abin da suke zubawa a ruwa da abin da suke shigowa da shi gida, don hana dutse sha ya fi dafa shi sauƙi. Allah ya ba mu haƙuri da lafiya, amin.