Batirin Ɗan Damben Ƙarfe



Tun 1998 tashar BBC ta fara nuna shirin Robot Wars, inda mutum-mutumin ƙarfe ke dambe da ɗan uwansa har ɗaya ya kwanta. Yau yaranmu na kallon irinsa a waya, su tashi su kwaikwaya da gwangwani da moton tsohuwar rediyo. Ƙanena na cikinsu. Ni nake haɗa masa wuta, shi ya sa zaɓen batir ya faɗo kaina.

Iri biyu ake samu a wajenmu, daga Anka har Gummi. Akwai batirin dalma irin na babur: bolt 12, ɗaki shida, kowane ɗaki bolt 2. Akwai kuma ƙwayar litiyam mai lamba 18650 da ake cirowa daga tsohon batirin kwamfuta. Ba ta kai giram 50 ba, ƙarfinta bolt 3.7, in ta cika 4.2. Ka jera uku, kan wannan a gindin waccan, ka sami bolt 11.1. Ka ajiye su kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, gindi da gindi, ƙarfin bai ƙaru ba amma cajin zai daɗe.

Masu wannan wasa kan guji batirin dalma saboda nauyi. Ni dalilina daban ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Daga dutsen zinari da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, ba daga batir ba, amma jinin yaro ba ya tambayar inda dalma ta fito. Likitocin MSF sun yi shekaru suna jinya, sai a 2013 aka kankare ƙasar Bagega. Ɗan dambe kuwa don shan duka aka ƙera shi. In batirin dalma ya fashe, ruwansa da dalmarsa a tsakar gida za su zube, inda jarirai ke rarrafe.

Litiyam ma ba kanwar lasa ba ce: in aka huda ta ko wayoyinta suka haɗe, wuta take kamawa. Don haka na gindaya wa ƙanena sharuɗɗa. Ba a gama tsohuwar ƙwaya da sabuwa. Sai an sa ɗan allon nan na BMS mai hana caji wuce iyaka. Fis yana kan jar waya, dab da batir. Batirin yana tsakiyar jiki, cikin akwati, nesa da inda duka ke sauka. Ba caji a ranar Afrilu, ba caji a ɗakin kwana. Wayar liƙi ta masu gyaran rediyo ma galibi da dalma a cikinta, saboda haka a waje ake liƙi, a wanke hannu da sabulu kafin tuwo.

Yaron da ya koyi dambe a bidiyo, da Turanci gargaɗin ke zuwa masa, sai ya tsallake. Mu da ke neman abin rubutawa, ga shi nan a ƙofar gida: mu rubuta masa gargaɗin da Hausar da uwarsa ma za ta karanta ta gane.