Abincin da hunturu ya koya wa mutanen kwarin Lötschental

Idan aka ambaci Suwizalan, abin da ke zuwa ran yawancin ɗalibai shi ne agogo da cakulan da bankuna. Amma ƙasar tana da manoma da makiyaya a lungunan tsaunukan Alps, kuma a kan teburin cin abincinsu muka fi fahimtar rayuwarsu. Kwarin da muka zauna na 'yan kwanaki a lokacin zafi na 2024 shi ne Lötschental, a jihar Valais da ke kudancin ƙasar. Ƙauyuka huɗu ne a jere a bakin kogin Lonza: Ferden da Kippel da Wiler da Blatten. Dutsen Bietschhorn, mai tsayin mita 3,934, yana tsaye a kansu.

Daga birnin Bern jirgin ƙasa ke bi ta ramin Lötschberg, wanda aka buɗe a 1913, ya sauke mutum a tashar Goppenstein, daga nan a shiga motar safa mai launin ɗorawa. Kafin a haƙa wannan rami, shiga kwarin aiki ne ja, kuma da hunturu dusar ƙanƙara kan zubo ta toshe hanya. Wanda bai tanadi abinci ba tun da sauran rana, babu kasuwar da zai ruga. Duk abin da aka kawo mana a ƙaramin masaukin da muka sauka, wanda iyalin wani manomi ke gudanarwa, daga wannan tsoro na hunturu ya samo asali.

Burodi aka fara ajiye mana, baƙi-baƙi, mai nauyi da ɗan tsami, bayansa duk ya tsattsage. Da wani hatsi ake yin sa, ɗan'uwan alkama da sha'ir, wanda a Jamusanci ake kira Roggen. Shi suka riƙe domin yana jure sanyi da ƙasa marar ƙarfi. A da, ƙauye na da tanderu guda na kowa da kowa, kuma sau biyu ko uku kawai ake hura shi a shekara. Kowane gida ya gasa na watanni ya jera a ɗaki. Idan ya daɗe sai ya bushe ƙamas, har sai an sare shi da wata wuƙa ta musamman an jiƙa a madara ko romo. Rumbunan katako da ake adana hatsin suna nan har yau, a ɗore kan ƙafafu, kowace ƙafa da faffaɗan dutse a samanta don kada ɓera ya hau.

Sai cuku. A watan Yuni ake kora shanu zuwa makiyayar da ke saman tsaunuka, su yi kimanin kwana ɗari, a sauko da su a Satumba. Hikimar ita ce a bar ciyawar ƙasa ta girma, a yanke ta a shanya, ta zama ingiricin da dabbobi za su ci a garke idan ƙanƙara ta rufe ko'ina. To, madarar da ake tatsa safe da yamma a can sama fa? Ba ta kwana biyu ba ta lalace ba, shi ya sa ake mayar da ita cuku nan take. Kusan lita 10 na madara ne ke ba da kilo ɗaya. A haka madarar Yuli ke kaiwa Janairu.

Da dare aka yi mana abincin da suke kira raclette. Maigidan ya raba ƙaton curin cuku biyu, ya kara fuskar da aka yanka kusa da wuta. Da saman ya narke ya fara tafasa, sai ya kankaro shi da wuƙa a kan faranti, kusa da dafaffen dankalin turawa da ƙananan kokwamba da albasa da aka jiƙa a ruwan khal. Sunan ma daga kalmar Faransanci ta kankarewa ya fito. Faranti ɗaya ake yi a lokaci guda, saboda haka kowa jiran layinsa yake, kuma a cikin jiran ne hira ke daɗi. Babu mai gaggawa, domin cukun da kansa sai da ya yi aƙalla wata uku a ɗakin ajiya kafin ya iso gaban wuta.

Akwai kuma busasshen naman sa da ake shafa wa gishiri da ganyayyaki a rataye shi a iska na makonni, har ya rasa kusan rabin nauyinsa. A nan dole baƙo Musulmi ya buɗe baki ya yi tambaya, domin a faranti ɗaya ake jera shi da naman alade, kuma giyar inabi ba ta rabuwa da teburinsu. Da muka faɗa wa uwargidan abin da ba ma ci, ba ta ɓata rai ba. Ta ware mana burodi da man shanu da cuku da dankali, ta ƙara da ruwan tuffa, kuma ba mu taɓa tashi da yunwa ba.

Tanadin nasu bai tsaya a kan gida ɗaya ba. A Ferden, kowace Litinin ta bikin Ista ana raba wa jama'a cuku da burodi da ruwan inabi. Cukun daga madarar kwana biyu ake yin sa, wadda masu shanu a makiyaya uku, Faldum da Resti da Kummen, ke bayarwa. Labarin kaka da kakanni ya ce alkawarin sadaka ne da aka ɗauka bayan wata masifa da ta riƙa faɗa wa shanunsu. Ista kuwa a ƙarshen hunturu take faɗowa, daidai lokacin da rumbun talaka ya yi ƙasa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, su kuma har da tukunyar maƙwabci suke wankewa.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne ba su ji kunyar wannan abinci ba, duk da cewa na talauci ne a asali. Sun kai shi gaban hukuma. Tun 2004 doka ta kare sunan burodin Valais, na cukun raclette na Valais kuma tun 2007, ta yadda ba wanda zai yi shi a wani wuri ya laƙaba masa sunan. Gwamnati na biyan manoma tallafi don su ci gaba da kai dabbobi tsaunuka, kuma a Disamban 2023 hukumar UNESCO ta sanya wannan kiwo na lokacin zafi cikin jerin al'adun duniya. Kuɗin da baƙo ya biya a masauki na cikin abin da ke sa ɗan manomi ya zauna a ƙauye maimakon ya tafi birni.

Sai dai dutsen da ya koya musu tanadi bai daina zama barazana ba. A watan Mayun 2025 duwatsu suka riƙa ruguzowa daga Kleines Nesthorn suna taruwa a kan daskararriyar ƙanƙarar Birch. Masana da ke sa ido suka yi gargaɗi, aka kwashe mutanen Blatten kimanin 300, aka fitar da tumaki da shanu, har wata saniya da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke ta. Ranar 28 ga Mayu ƙanƙarar ta karye, laka da duwatsu suka binne kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙauyen, mutum ɗaya ya rasu. Gidaje da coci da rumbuna da masaukan baƙi duk suka tafi, har da otal mafi tsufa a kwarin, wanda ke unguwar Ried tun 1868.

Mutanen Blatten sun ce za su sake gina ƙauyensu. Abin da za su soma da shi yana hannunsu: shanun da aka tsirar, da sanin yadda ake mayar da madara cuku, da al'adar raba abin da aka tanada. Wannan sani ba a rumbu yake ba, balle laka ta binne shi. A wurin tsofaffi yake, kuma yana rayuwa ne idan yara sun tsaya sun koya. Ku ma da ke karatu, idan kun koma gida hutu, ku tambayi kakanninku yadda ake shanya kuɓewa da nama, da yadda ake auna hatsin rumbu ya kai har kaka ta gaba, ku rubuta amsar a littafi.