Daga Bata Zuwa Tukur-Tukur: Inda Ake Ƙera Labaran Aljanu da Taurari

Duk wadda ta taɓa shiga kasuwar Sabon Gari a Kano ta ɓangaren Bata ta san irin hayaniyar wurin. Ga ƙarar A Daidaita Sahu, ga masu turin baro suna neman hanya, ga masu ruwan leda suna kutsawa tsakanin motoci. Daga kantin takalman Bata wurin ya samo sunansa, amma ga ma'abota karatu Bata matattarar littafi ce. A wannan yanki dillalan littattafan Hausa suka shekara da shekaru suna kasa hajarsu, daga nan kuma ake ɗaure littattafai dami-dami a loda a mota zuwa Katsina, Gusau, Sakkwato da Jos, har Maraɗi da Damagaram.

Yawancinmu iyaye mata da littattafan soyayya da na zaman aure muka san wurin, na su Bilkisu Funtuwa da Balaraba Ramat Yakubu. Amma idan kin tsaya a gaban tebur kin duba gefe, za ki ga wani tari daban. A bangonsu akwai jarumi sanye da sulke ya zare takobi, ko maciji mai kawuna da yawa, ko boka yana duba madubin tsafi. Su ne ake kira littattafan yaƙi. Biranen da ke cikinsu babu su a taswira, dawakansu kan tashi sama, sarakunansu na mutane ne da na aljanu. Sunan da ya fi fitowa a wannan fage shi ne Abdul'aziz Sani Madakin Gini, akwai kuma irin su Nazir Adam Salih da suka yi suna da labaran ban tsoro da ban al'ajabi. Samari ne suka fi sayensu, ko da yake 'yan mata da yawa sun karance su a ɓoye daga jakar yayyensu.

Babu wani babban kamfani a bayan waɗannan littattafai. Marubuci kan cika littafin rubutu na 'yan makaranta da biro, ya kai wa mai bugawa a kwamfuta, a da can kuwa tafireta ce. Daga nan sai ƙaramar maɗaba'a a wani lungu, inda za a buga a takarda mai arha, a naɗe, a danne da ƙusar littafi. Mai zane ya yi bango. Labarin kuma ba ya fita gaba ɗaya, sai a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke shi daidai inda jarumi ya faɗa hannun abokan gaba. Kuɗin da na ɗaya ya kawo da shi ake buga na biyu. Idan bai karɓu ba, jarumin nan yana nan a ɗaure har yau. Wanda ba shi da kuɗin saye kuwa sai ya je shagon haya a unguwa, ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa, ya dawo da littafi bayan kwana ɗaya ko biyu.

Wannan tsari ya kankama ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya tsuke, manyan kamfanonin ɗab'i suka fi karkata ga littattafan makaranta. Marubuta suka ga idan sun tsaya jira ba za su taɓa ganin sunansu a bango ba, sai suka haɗa kai. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. A Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat, kuma sukan jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin littafin kowannensu, kowa na tallata ɗan'uwansa. Sunan ma amsa ce ga masu yi musu kallon raini, domin kowa ya san abin da ke biyo bayan raina kama. Wasu masana sun laƙaba wa aikinsu adabin kasuwar Kano da nufin rage masa daraja, sai ga shi sunan ya zauna, jami'o'i kuma suna ta rubuta kundaye a kansa.

To, daga ina wannan ɗabi'a ta ƙaga duniyar da babu ita ta shigo rubutun boko na Hausa? Amsar tana Zariya, don haka na nufi tashar Unguwa Uku na hau mota. Tafiya ce ta kamar awa biyu idan hanya ta yi kyau, a wuce Kura da gonakinta na shinkafa, a wuce Kwanar Dangora da Tashar Yari, har a fara hango duwatsun Zazzau.

A unguwar Tukur-Tukur kamfanin Gaskiya yake, wanda aka kafa a 1945. Ginin ya tsufa, kuma mai wucewa ba zai ce daga nan littattafan da suka raini iyayenmu suka riƙa fitowa ba. Tun kafin kamfanin, a 1933, Hukumar Talifi da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan yunƙuri akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. A na farko, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da ke warkar da cuta, bai same shi ba sai da taimakon aljanu. A na biyu, Ganɗoki ya gama gwabzawa da Turawa ya zarce ƙasashen aljanu yana yaƙi. Bayansu aka samu Magana Jari Ce da akunsa mai hikima, sannan a farkon shekarun 1950 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, yaron da ya tashi gurgu ya zama sadauki. Ashe dai littafin yaƙin da ke kan teburin Bata jikan waɗannan ne, su kuma jikokin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya.

Akwai wani littafi guda da ya kamata kowace uwa ta san da shi. A 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba da ya haɗu da wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, suka yi tafiya tare zuwa sama. Nan ba tsafi ko aljani ne ke ɗaukar mutum ba, na'ura ce. Shi ya sa ake ambatonsa a matsayin na farko-farko cikin ƙagaggun labaran kimiyya da Hausa. Abin takaici shi ne wannan reshe bai yi 'ya'ya da yawa ba. Takubba da bokaye sun cika kasuwa, amma labarin yarinyar Bichi da ta ƙera injin jawo ruwa daga iska, ko na Kano bayan shekara ɗari, har yanzu yana jiran mai rubuta shi. Wataƙila mai rubutawar tana ɗakinki yanzu tana haddar jadawalin lissafi.

Yau idan kin koma Bata za ki tarar kasuwar littafi ta ja baya. Takarda ta yi tsada, shagunan haya sun ragu, wasu teburan sun koma na cajar waya da kayan kwalliya. Labaran dai ba su mutu ba, ƙaura suka yi. Suna WhatsApp da Wattpad, ana karanta su da murya a YouTube, marubuta kuma na sayar da babi-babi ta hanyar tura kuɗi a banki. Matan da ke rubutu sun sami wata ƙofar a gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016. Sai dai littafin takarda yana da suna a bango, yana da dillalin da za a iya tuhuma, a Kano ma akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i. Na waya kuwa kowa na iya sakinsa da sunan da ya ga dama, kuma a cikinsu akwai na batsa tsirara. Mai tacewar da ta rage ita ce ke.

Na san iyaye da yawa da ke ƙwace littafin yaƙi daga hannun yaro suna cewa ƙarya ce zalla. Gaskiya ne wasu sun cika zubar da jini da surkullen bokaye, ko da yake sau da yawa labarin kan ƙare da faɗuwar matsafa a hannun mai imani. Amma yaron da aka hana shi karatun da yake so ba ya komawa littafin makaranta, waya yake komawa. Shi kuwa wanda ya karance littafi uku a mako don ya ji yadda jarumi zai kuɓuta, ya koyi zama da rubutu, ya tara kalmomin da ba ya ji a titi: sulke, kwalkwali, garkuwa, ƙurungu, fatake.

Saboda haka, uwargida, idan hutu ya zo kuma kina Kano ko hanya ta biyo da ke, ki ɗauki yaran ku je Bata da safe kafin rana ta take. Ki bar kowa ya zaɓi guda, ki fara karantawa kafin ki miƙa masa. Ki tambayi mai shago ko yana da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi, ki sa a nemo miki Tauraruwa Mai Wutsiya. Idan ba kya Kano, mai sayar da littattafai na ƙofar masallacin Juma'a ko bakin tasha a garinku ya san hanyar da kayansa ke zuwa. Bayan sallar isha'i a kashe talabijin, babba ya karanta wa ƙannensa shafi biyar, a tsaya daidai inda labari ya yi zafi, kamar yadda marubutan Bata ke yi. Gobe da kansu za su tuna miki.