Ba Mu Shiga Jami'a Ba, Amma Ba Mu Bar Karatu Ba

Muna gode wa Shugaban makaranta da malamanmu da suka ba tsofaffin ɗalibai fili a cikin littafin shekara. Mu biyu ne muka haɗu muka rubuta wannan, 'ya'yan wa da ƙane ne, benci ɗaya muka zauna tun daga aji ɗaya har muka fita a 2019. Kowace shekara akan kira sunayen waɗanda suka sami shiga jami'a, a yi musu tafi, kuma sun cancanci haka. Amma akwai waɗansu da ke zaune a baya sun sunkuyar da kai. Mu ma mun taɓa zama a wurin, don haka da su muke magana.

Sakamakonmu na WAEC ya yi kyau, na JAMB ma ba laifi. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, a bakin ƙofarmu. Abin da ya rage shi ne kuɗin rajista da ɗaki da abinci na mutum biyu har shekara huɗu. Iyayenmu maza gandu ɗaya suke nomawa, kuma kowa ya san halin da rashin tsaro ya jefa manoman Kurfi da Dutsin-Ma a waɗannan shekaru. Gonarmu ta nesa ba ta nomuwa. Wata rana da dare muka ji Baba Babba yana ce wa ƙanensa a sayar da shanun huɗa. Ranar ba mu yi barci ba, gama mun sani in shanun nan biyu suka tafi, rumbu ba zai kai ƙannenmu damina ba. Da safe muka durƙusa muka roƙe su a dakata. Baba Babba ya ce, “To, me za ku zama?” Ba mu da amsa.

Wanda ya ba mu amsar shi ne ma'ajin ikilisiyarmu, dattijo ne da ya yi ritaya daga baitulmalin ƙaramar hukuma. Muna taya shi ƙidayar baiko ran Lahadi, sai ya lura hannunmu ya faɗa da lissafi. Ya ce, “Yarana, aikin akanta yana da ƙofa biyu. Kun ga ɗaya a rufe, ba ku leƙa ɗayar ba.” A bakinsa muka fara jin labarin Cibiyar Ƙwararrun Akantoci ta Najeriya, wato ICAN, wadda doka ta kafa a 1965. A 1989 ta buɗe jarrabawar mataimakan akanta, wadda yanzu ake kira ATSWA domin ana yin ta a waɗansu ƙasashen Afirka ta Yamma, kamar Gana da Saliyo. Ba a tambayar digiri. Kiredit biyar ake so, har da Turanci da Lissafi. Mataki uku ne, kowane da darussa huɗu, ana zama a watan Maris da Satumba. Wanda ya gama yakan wuce cikin babbar jarrabawar ICAN, a ɗauke masa matakin farko. Sharaɗin da dattijon ya kafa mana guda ne: mu nemi aiki, ko albashin bai taka kara ya karya ba, domin lissafin da ba a taɓa kuɗi da shi ba, a takarda yake ƙarewa.

A ƙarshen 2020 ɗayanmu ya sami aikin malamin shago wurin wani Alhaji mai sayar da taki da hatsi a Dutsin-Ma, ɗayan kuma a ofishin wata ƙungiyar adashi da ba da rance ga manoma. Ɗaki ɗaya muka kama. Da rana aiki, da dare karatu da fitilar caji. Mukan raba darussa, kowa ya karanta nasa sa'an nan ya koya wa ɗan'uwansa. Ran Asabar mu kai wa Baba Ma'aji abin da ya gagare mu. Lokacin jarrabawa kuwa mu nemi izini mu hau mota zuwa Kano.

Ga misalin yadda aiki da karatu suke taimakon juna. Akwai daren da littafin shago ya ƙi daidaita, Naira 900 ta ɓace. Aka ƙidaya kuɗin akwati sau uku, ba a gano ba. Mai aikin shagon har ya fara tunanin ya cika daga aljihunsa, kada a ce yaron mishan ya fara ɗan hali. Sai muka tuna abin da muka karanta a makon: in bambanci ya rabu da 9 ba saura, a duba ko an juya lambobi. Muka bi layi layi, sai ga 5,400 an rubuta 4,500. Da an cika daga aljihu, da kuskuren yana nan kwance a asusun wani manomi. Tun daga ranar muka gane cewa akanta ba ya rufe rami da ƙasa, sai ya san abin da ya haƙa shi.

Haka kuma a farkon 2023, sa'ad da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma ta waya da na'urar POS. Masu shaguna da yawa suka rikice, domin wani yakan nuna saƙo a waya alhali kuɗi ba su shiga ba. Darasin daidaita littafin shago da takardar banki, wanda muke gani kamar wahala ce kawai, shi ya tsare dukiyar maigida. Bayan haka ne Alhaji ya miƙa makullin akwati ya ce, “Addininmu ba ɗaya ba, amma amanarka na gani.” Wannan magana ta fi mana ƙarin albashi daɗi.

Daga baya muka ji cewa a Ingila gwamnati ta mai da irin wannan hanya tsari sosai tun 2015. Banki ko kamfanin akantoci yakan ɗauki yaro daga sakandare, ya biya shi albashi, a ware masa lokacin karatu a cikin mako, bayan 'yan shekaru ya fita da digiri ba tare da bashin makaranta ba. A 2017 suka sa wa manyan kamfanoni harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya domin a ɗauki nauyin masu koyo. A nan ba mu sami wanda ya haɗa mana haka ba, mu muka haɗa da kanmu: aiki daban, jarrabawa daban, kuɗin rajista daga albashi. Amma in an duba, abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaron maƙeri da yaron ɗan kasuwa haka suke tashi a hannun ubangida har ya yaye su. Abin da aka ƙara kawai shi ne takardar shaida.

Ba za mu ɓoye muku wahalar ba. Dukanmu mun faɗi darasi ɗaya a mataki na biyu, muka sake biya muka sake zama. Akwai watan da muka zaɓi littafi muka bar nama. Akwai kunya kuma: abokanmu su zo hutun Kirsimeti suna hirar lakca, mu kuwa ana ce mana yaran shago. Ko da yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da su gida wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, ba mu yi murna ba, gama 'yan'uwanmu ne, kuma abin da suke samu na zama da manyan malamai da ɗakin karatu mu ba mu same shi ba. Har wa yau ofisoshi da yawa ba sa duban takardarka sai sun ga digiri da shaidar bautar ƙasa. Saboda haka ba mu ce jami'a ba ta da amfani ba. Wanda Allah ya buɗe wa, ya shiga da gudu. Tun 2024 ma akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, abin da babu a lokacinmu.

Mun kammala mataki na uku a 2024, yanzu muna shirin babbar jarrabawa. Waɗansu jami'o'i suna karɓar mai wannan takarda kai tsaye a aji biyu, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da mutum zai yi ba tare da ya bar aikinsa ba. In Ubangiji ya yarda, digirin ma za mu yi. Shanun huɗa suna nan, kuma daga albashinmu ake biya wa ƙannenmu biyu kuɗin wannan makaranta.

Shawararmu ga ƙannenmu 'yan aji shida ita ce, ku riƙe Lissafi da Turanci da kyau, domin su ne makullin kowace ƙofa. In sunanku bai fito ba, kada ku kwanta a gida kuna jiran JAMB shekara da shekaru, ku nemi dattijo mai sana'a ku durƙusa. Manzo Bulus da iliminsa duka, ɗinkin tanti ya yi ya ci abinci. Ga iyayenmu na ikilisiya masu shaguna da ofisoshi kuwa, roƙonmu shi ne ku ɗauki yaro ɗaya, ku koya masa, ku sake shi ran jarrabawa. Ga malamanmu, a riƙa faɗa wa ɗalibai labarin ƙofa ta biyu tun kafin su fita, kada sai sun yi kuka kamar yadda muka yi.

Sannu ba ta hana zuwa. Ubangiji ya albarkaci makarantarmu. Amin.