Motar Baba a hoto

Ranar da muka gudu daga Sinja, ƙarshen watan Yuni na 2024, ban ɗauki komai daga kayan marigayi Baba ba sai hoto ɗaya baƙi da fari: yana tsaye da jallabiya, ya dafa wata doguwar motar Amurka. Da ita yake jigilar 'yan kasuwa daga Sinja zuwa Mai Wurno, Sinnar, har Wad Madani. An sayar da ita tun ina goye.

A wurin hijira autana ya tambaye ni, "Abba, wace iri ce?" Na ce Shafar, yadda Baba ke kiranta. Ya ce Chevrolet ai iri-iri ce. Kunya ta kama ni. Ni da nake gane riɗin bana da na bara da hannu, ban san motar da ta ciyar da gidanmu ba.

Muka sa hoton gaba, wayarsa a gefe. Fitilun gaba ɗaya-ɗaya ne, ke nan ta girmi 1958, shekarar da suka koma biyu-biyu. A kan bonet akwai ƙarafa biyu kamar kan harsashi. Wannan alamar 1957 ce. Ƙofa huɗu gare ta, don haka ba Nomad ba ce, ba Handyman ba, su ƙofa biyu gare su. A gefen baya akwai fili mai kusurwa uku. Na Bel Air farin ƙarfe ne mai layi-layi, namu kuwa fenti ne kawai: Two-Ten ke nan.

Nan muka cije. Two-Ten mai ƙofa huɗu iri biyu ce: Townsman mai ɗaukar mutum 6, da Beauville mai ɗaukar 9. Hoto bai nuna ciki ba.

Inna tana kan tabarma, tun fitowarmu ba ta cika magana ba. Sai muka ji ta ce, "Kujera layi uku ne. A na ƙarshe aka zaunar da ni ranar da aka kawo ni daga Mai Wurno, ƙura ta cika min mayafi."

Ta yi dariya, karon farko cikin watanni. Daren nan har sha biyu tana ba jikoki labari.

Na juya hoton na rubuta: Chevrolet Two-Ten Beauville, 1957. A ƙasa na ƙara: shaidar Inna.