Daren da Taurari Suka Zuba

Ran 14 ga Disamba, 2023, wani tsohon malamin makaranta ya sa ɗansa ya fitar da shi bayan gari tun kafin lisha. Likita ya riga ya gaya masa yana ta fara rufe idonsa na dama, na hagun ma yana bin sawu. Shi kuwa akwai abu guda da ya yi shekaru yana koya wa yara a aji, alhali bai taɓa ganinsa ba.

Abin da jama'a ke kira faɗuwar tauraro, ba tauraro ba ne. Ɓarɓashin dutse ne, galibi bai wuce ƙwayar gero ba, wanda yake shigowa iskar duniya da gudu, ya ƙone a wajen kilomita 80 zuwa 120 bisa kanmu. Kowane Disamba duniya takan ratsa ƙurar wani dutsen sararin sama mai suna Phaethon, wanda aka gano a 1983, sai ɓarɓashin ya yi ta zuba, kowane ɗaya yana cin kilomita 35 cikin daƙiƙa. Akwai irin wannan zuba a tsakiyar Agusta, amma a nan ƙasar damina ce, gajimare yakan hana gani.

To, malamin ba yawan zubar yake nema ba. Mai son yawa sai ya jira wajen ƙarfe 2 na dare, lokacin da mafitarsu ta iso tsakar sama. Shi wanda yake so, watau mai shafar iska, da farkon dare ake samunsa, sa'ad da mafitar ke ɓullowa daga arewa maso gabas. A wannan lokaci dutsen a kwance yake shigowa, yana shafar saman iska inda ba ta da kauri, saboda haka ba ya saurin cinyewa, sai ya ja doguwar wutsiya ya ƙetare rabin sama. Wani ma yakan fice ya koma inda ya fito, kamar wanda ya ratsa Amurka da Kanada da rana tsaka ran 10 ga Agusta, 1972. Sai dai irinsu kaɗan ne ƙwarai.

Sharuɗɗan sun cika a daren nan. Jinjirin wata ya faɗi da wuri, hazo ya yi sauƙi, fitilun gari suna can nesa. Suka shimfiɗa tabarma a gonar da aka girbe, suka rufa da bargo. Ɗan ya zaro waya, uban ya ce, "Kashe ta. Ido yana bukatar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu, nawa kuwa ya fi haka."

Aka shafe fiye da sa'a guda. Gajeru biyu suka gifta, ɗan ya gani, uban bai gani ba, kuma bai ce komai ba. Sanyi ya tsananta, har yaron ya soma zancen komawa gida. Can sai ga wani haske ya taso daga gindin sama, yana tafe a hankali, ya bi ta bisa kansu ya nufi yamma.

"Baba, ka gani?"

Tsohon ya daɗe bai amsa ba, sa'an nan ya ce, "Da na hagun. Naɗe tabarma mu tafi. Baɗi kai za ka kawo yaranka."